Zaman Amarya a Jirgin Fito

Jikokina da abokansu sun ɗauka fito ba wani aiki ba ne. A ganinsu ka tsaya a bayan jirgi, ka soka gwangwala a ruwa, ka tura, shi ke nan an ƙetare. Wani cikinsu ma da ya same ni ina gyaran filafilin tuƙi cewa ya yi, "Baba, ai ko jaki anka ba wagga sanda shina kai mutane gaɓa." Ban yi fushi ba, don ni ma da irin wannan bakin na je wurin Kawu Labbo, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe mashigin Kebbe a gulbin Zamfara tun ba a haife ni ba. Abin da yaran nan ba su sani ba, gwangwala da filafili su ne ƙananan kayan aikin mai fito. Babban kayan aikinsa kunne ne.

Daminar farko da na yi a hannun Kawu Labbo ko gwangwala bai bar ni na taɓa ba. Gindin giyayyar da ke bakin mashigi ya zaunar da ni, na ba hanya baya, ina kallon ruwa. Duk wanda ya iso ya yi sallama, Kawu zai bari su gaisa, ya tambaye shi inda ya fito da inda za shi, sannan ya sunkuyo kaina ya ce, "Mamman, mi kaj ji? Ɗan ina na?" In na faɗa daidai ba ya cewa komai. In na kuskure sai ya murɗe mini kunnen da ya fi kusa da hannunsa, ya ce kunnen da ba ya aiki gara a tuna masa yana nan. Har gida na kai ƙara, mahaifiyata ta ce in koma, ita ma ya murɗe nata suna yara.

Abin da na koya a gindin giyayyar nan ya fi abin da na koya a cikin ruwa. Abin da muke kamawa a gulbi, Bakano ya ce kifi, mu nan mu ce kihi, Ba'are kuwa, mutumin Arewa can wajen iyakar Faransa, ya ce kishi, tafiya ma tashiya yake ce mata. Amma sunan gari ya fi komai tona mutum. Ɗan ƙasa ba ya wahalar da bakinsa a kan Tambuwal, haɗiye tsakiyar yake yi ya wuce, baƙo kuwa sai ya bi ta a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. Fakku a bakinmu Hwakku ce. Wani Bature da na taɓa ƙetarwa Fokku ya yi ta cewa, har tafintansa ya kama faɗin haka, don kada ya kunyata maigida. Mutumin gabas in ya ce Kebbe sai ka rantse Kabi yake nufi, Sanyinna kuma da yawa Sayinna suke ce mata. Bafulatani ko ya tsufa a Jabo akwai inda harshensa zai yi tuntuɓe. Bayan kalma kuma akwai kari, wato yadda murya ke hawa da sauka, wanda mai shi bai ma san yana da shi ba. Askar fuska takan taimaka, sai dai ba kowa aka yi wa ba, kuma rawani yana rufe ta.

Za ku ce ina ruwan mai fito da garin mutum. To, ga ruwansa. Wanda ya tashi a bakin gulbi, Yawuri ko Argungu ko Gummi ko nan, jikinsa ya san jirgi: in jirgi ya karkata dama, zai ba da nauyinsa hagu ba tare da an gaya masa ba. Irin waɗannan muke jerawa a gefe. Ɗan tudu kuwa, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne na rijiya da tafki, lafiya lau zai shiga, har da dariya. Sai an kai tsakiya, inda ba abin gani sai jan ruwa yana gudu, idonsa ya bi ruwan, jiri ya ɗebe shi, ya ga kamar jirgin ne ke komawa baya. Daga nan zai miƙe tsaye ya cafki na kusa da shi. Mutum ɗaya ya miƙe a jirgin da ya cika, an gama. Kuma ba a tambaya, don ban taɓa ganin namijin da aka tambaya a gaban mata ko yana tsoron ruwa ya ce e ba. Sai dai ka saurara, ka gane, ka kai shi tsakiya cikin ladabi, ka zaunar da shi a ƙasan jirgi tsakanin taiki da taiki, ka ce ya ja mayafi ko wutsiyar rawani ya rufe fuska. Mutanen Kebbe da ba sa barin abu ya wuce ba suna suka sa wa wannan zaman amarya. Manyan fatake masu gemu sun yi shi suna ƙunƙuni, sun kuma sauka da ransu.

Wani falke mai tufafi ya taɓa yin rantsuwa cewa Kwara ma ya ƙetare a tsaye, balle wannan ɗan rafi. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya kwance jakunansa, ya sa aka riƙe musu igiya suna iyo a gefen jirgi, ya kai su ƙetare da kayansu, ya dawo ya ɗebi wasu mutane, ya bar mai Kwara a gaɓa da takalminsa a hannu. Da rana ta yi sanyi, mutumin da kansa ya tambaya ina ne wurin amaryar.

Shekarar da Kawu ya fara ba ni gwangwala, wani sabon mai fito a mashigin da ke sama da namu ya ɗauko 'yan cin kasuwa. Ƙaƙƙarfa ne, ya iya tuƙi, amma ba ya son dogon gaishe-gaishe. Da hantsi muka ga ƙwarya tana tahowa ita kaɗai, sai faifai, sai takalmi wari ɗaya. Bayan azahar muka fara ciro mutane daga saiwoyin giyayya. Abin da har yau nake gani in na rufe ido shi ne ba su zo ɗai-ɗai ba. A sarƙe suka zo, wannan riƙe da wuyan rigar wancan, wannan riƙe da zanen waccan, sai da muka ɓamɓare yatsu. Cikinsu akwai masuntan da na sani, waɗanda ruwa bai isa ya ci su ba in da an sake su. Kawu ya sa na tsaya na kalla har ƙarshe, ya ce, "Mutum guda yam miƙe. Dibi abin da yaj jawo." Tun ranar tsoron gulbi ya shige ni bai fita ba, kuma ina jin shi ya sa na kai ga tsufa.

Jirginmu na maɗaci ne, sassaƙar Yawuri, ya girme ni. Duk rani sai mun toshe tsagunsa da tsumma da ƙaro, duk da haka bai daina yoyo ba, don haka kullum akwai ƙoƙon kwarfa a ciki. Mai kwarfa a gaban ƙafafun mai tuƙi yake zama, inda ruwa ke taruwa, kuma ba a ba baƙo ƙoƙon, sai ɗan gari da aka sani. Gwangwala aikinta a gefe ne, inda take taɓa ƙasa: ka bi gaɓa ka haura sama sosai, sannan ka yanko a karkace ruwa ya kai ka. Inda ta daina taɓa ƙasa ka ajiye ta ka ɗauki filafili, daga nan kuma har ka sake jin ƙasa hannayenka ba naka ba ne. Ko ɗanka ne ya faɗa ruwa ba ka sakin filafili. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

Muguwar shekara ta same mu lokacin yaƙin Turawa, Kawu ya riga ya rasu, mashigi yana hannuna. Aka shiga ɗiban gwamna, kowane gari ya ba da majiya ƙarfi a kai su haƙar kuza a Jos. Waɗanda suka dawo sun dawo da tari da labarin sanyin da ke kashe mutum a kwance, wasu kuma sai labarinsu. Ba mai son ba da ɗansa, saboda haka ido ya koma kan baƙi, 'yan ƙodago da 'yan cin ranin da damina ta rutsa da su, duk wanda ba shi da mai tsaya masa. Su kuma suka fara sulalewa kudu, su ƙetare gulbi su shige wajen Fakku. Sai aka turo dogari ya zauna mana a mashigi.

Arzika sunansa, dogon mutum da jar riga, ya ja amawalin rawaninsa har bisa hanci, da igiya naɗe a kugu. Ba shi da hayaniya, wannan ya fi ba ni tsoro. Ba ya tambayar kowa komai. Wani ya ba shi labarin yadda muke jera mutane, sai kawai ya shimfiɗa buzu a gindin giyayya ya zuba mini ido. Ranar da ya fara zama na kai wani saurayi tsakiya, ya ja mayafi ya rufe fuska, sai Arzika ya ce daga inda yake zaune, "Amaryar can, ta hito." A gabanmu aka ɗaure shi aka tafi da shi. Nan na gane kunnen da Kawu ya murɗa don kada a mutu ya zama abin farauta a hannun wani.

Labari ya bazu, sai gaisuwa ta mutu a mashigin Kebbe. Ban sani ba ko za ku gane nauyin wannan. Mutum ya iso bakin ruwa, Musulmi ɗan Musulmi, babu sallama, ka ce ina za ka, ya nuna maka ƙetare da haɓa. Har 'yan gari suka kama yin haka don baƙi su ɓuya a cikinsu. Ni kuwa aka bar ni kamar makaho, ina jera mutane ban san wanda zai miƙe ba. Na koma kallon ƙafa, na rage ɗaukar kaya, ina tuƙi bakina yana motsi da addu'a. Tuwo bai yi mini daɗi ba a wannan daminar. Da shirun ya yi yawa Arzika ya sauya dabara, wanda bai yi magana ba shi yake kira. Sai mutane suka koma gaisuwa a taƙaice, kowa yana auna harshensa kafin ya fitar da shi.

Shi kansa Arzika maganarsa ta Tambuwal ce tsaf, ba inda za ka kama. Amma wata rana yana gyangyaɗi mai tallar soyayyen kifi ta tsaya a kansa, ya buɗe ido ya ce, "Kishin na yau na?" Nan take ya gyara ya ce kihi. Ba wanda ya kula sai ni. Daga nan na lura da sauran: bai taɓa matsowa bakin ruwa ba, alwala ma sai an ɗebo masa a buta. Ba'are ne, ya zo Tambuwal tun yana ƙarami ya wanke bakinsa. Na haɗiye abina, don mai igiya a kugu ba a gaya masa asalinsa.

Ranar da nake so in ba ku labari ranar kasuwar Kebbe ce, ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyawa. An sha ruwa a gabas, gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa da jinkar rumbu. Da ƙyar na yi sawun safe. Bayan azahar masu komawa ƙetare suka taru, yawancinsu mata, cikinsu har da Inna Ige mai daddawa, tsohuwar da ta riga ni sanin jirgin nan, wadda duk kasuwa ake shakkar bakinta. Sai ga wani mutum sa'ana, da gwado a kafaɗa da fartanya a hannu, fuskarsa babu aska. Ya yi sallama na amsa.

Na ce, "Daga ina anka hito?"

Ya ce, "Jabo."

"Ina za a?"

"Hwakku, in Allah ya yarda. Wajen wana."

Kowace kalma ya ajiye ta a inda take, kamar wanda ya daɗe yana ƙodago a Jabo. Amma karin ba namu ba ne, ƙarshen maganarsa ya ɗaga a inda tamu take sauka. Ba'are ne, ɗan tudu tsantsa. Na dube shi ya dube ni, ya gane na ji.

In na kai shi tsakiya, na miƙa shi ga igiya. In na sa shi a gefe cikin ruwa irin na ranar, na miƙa wa gulbi jirgin da duk matan da ke ciki. In na ce babu wuri, na bar shi a gaɓa daga shi sai Arzika. Ina cikin wannan sai idona ya faɗa kan ƙoƙon kwarfa. Mai kwarfa kansa a sunkuye yake, ƙasan jirgi yake kallo ba gulbi ba. Na ɗauka na cilla masa, na ɗaga murya yadda za a ji a gindin giyayya.

"Kai, ɗan Anna, ashe kai na! Ka yi baƙi ban gane ka ba. Amshi aikinka, yau ba ka shiga banza. Kuma kak ka kuskura ka ɗaga kai sai ƙasan jirgin ga ya bushe."

Inna Ige ta dube ni ta dube shi. Ta san babu wata Anna, amma ta taɓe baki ta ce, "Yo sai yau yat tuna gida? Tun da yat tahi ko goro bai aiko ma uwatai ba."

Da ya zo shiga sai ya taka bakin jirgi maimakon cikinsa, jirgi ya yi tangaɗi. Ɗan gulbi ba ya yin haka ko daga barci aka tashe shi. Na ji buzu ya motsa a bayana.

"Mai hito, dakanta," in ji Arzika. "Ni ma ƙetare za ni. Mu yi hira da ɗan Anna bisa hanya."

Ga ni yanzu da 'yan tudu biyu. Na ce, "Ranka shi daɗe, ga taiki nan tsakiya, ya hi taushi."

Ya ce, "Ni za ka yi ma zaman amarya?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya haye itacen da ke gicciye a bayan jirgi, ya zauna daga gefe, gwiwarsa tana taɓa kafaɗar mai kwarfa. Na so in ce ruwa ya yi yawa, amma a gabansa na ƙetare da safe. Na yi bisimilla na tura.

Muddin muna bin gaɓa Arzika bai rufe baki ba. "Ɗan Anna, wace shiyya kuke Hwakku?"

"Bakin kasuwa," in ji mutumin, bai ɗago ba.

"Wa ka jan ku salla yanzu?"

Inna Ige ta cafe, "Wanga shina salla balle shi san liman?" Mata suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi kuwa kwarfa kawai yake yi, ƙoƙo bayan ƙoƙo.

Sai gwangwala ta daina taɓa ƙasa. Na ajiye ta na ɗauki filafili, ruwa ya karɓe mu. Ba mu yi nisa ba na ji tambayoyi sun tsaya. Na saci kallon Arzika, na ga idonsa ya kafe a kan ruwa yana bin sa, kuma na san wannan kallon. Na ce, "Ranka shi daɗe, dibi ƙahwarka," amma ya riga ya daina ji. Daidai nan wani ƙaton gungume ya taso mana daga sama da rassansa a miƙe. Na danna filafili na karkatar da jirgi don ya wuce, gefe ya sunkuya, ruwa ya watso mana, mata suka ɗauki salati. Arzika ya ce, "Wayyo inna!" da wata muryar da ba ta taɓa kwana Tambuwal ba, ya dafa bakin jirgi ya fara miƙewa.

Gefen da yake ya nutse, ruwa yana shigowa kamar ana tuttulawa da tulu. Hannayena suna kan filafili. 'Yan gulbin da na jera a gefe suna can gaba, ba su kai gare shi sai sun taka mata. Mutanen nan da muka ɓamɓare wa yatsu suka dawo mini a ido, na ce shi ke nan, yau mu za a ciro daga saiwar wani mashigin.

Mai kwarfa ya saki ƙoƙo. Bai ɗago ido ba, lalube ya yi ya kama igiyar da ke kugun Arzika, wadda aka tanada don ɗaure irinsa, ya fizgo shi da ƙarfin mai noma. Suka zube tare a ƙasan jirgi cikin ruwa, ya ja gwadonsa ya rufe kawunansu su biyu. Jirgi ya dawo daidai. Daga ƙarƙashin gwadon muka ji muryar mai kwarfa, kuma ba ta Jabo ba ce.

"Zamna, ɗan'uwa, zamna. Kak ka dibi ruwa. Tashiyar ta kusa ƙarewa. Hwaɗa mini, wane gari anka haihe ka?"

Arzika yana haki ya ce, "Matankari." Ya faɗe ta yadda ni ba zan iya ba.

"To mu tai can. Ga mu zamne bakin rijiya, ƙasa na ƙarƙashinmu, ba ta motsi. Riƙe ni."

Haka ya yi ta yi masa kamar mai lallashin saniyar da ta faɗa rami. Duk jirgin ya ji. Kowace kalma tana tona shi, ya kuma sani, amma bai daina ba. Inna Ige ta ja jiki ta ɗauki ƙoƙo ta ci gaba da kwarfa, ni ina tuƙi ban san ina da kafaɗu ba, har na ji cikin jirgi ya gogi yashi can ƙasa da inda muka saba sauka.

Arzika da rarrafe ya fita. Ya durƙusa ya yi amai, rawaninsa ya warware, amawali ya zame, sai ga askar Arawa a kumatunsa daga baki har kunne. Mutumin yana tsaye da jiƙaƙƙen gwado, bai gudu ba. Cikin matan ba wadda ta taɓa kayanta.

Arzika ya goge baki, ya dafa igiya, ya dawo da muryarsa ta Tambuwal. Ya ce, "Mai hito, an ce kunnenka ba shi kuskure. Wanga mutum ɗan ina na?"

Tsoron da na ji a nan ya fi na tsakiyar gulbi, don igiyar da ta rasa wani tana iya kama ni, ni ma majiyin ƙarfi ne. Na ce, "Ranka shi daɗe, ruwa ya shigam mini kunne tun tsakiyar gulbi. Ban ji komi ba."

Inna Ige tana matse bakin zanenta, ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Mu ma haka na, dogari. Ƙarar ruwa ta hana mu jin komi. Ko wanda yak kira innatai ba mu jiya ba. Kasuwa mai zuwa in an tambaye ni, haka za ni cewa, in dai ɗan Anna ya kwana gida."

Arzika ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya daɗe yana kallon mutumin. Ban san wanda ya fi yi masa aiki a rai ba, bakin Inna Ige ko muryar da ya ji a ƙarƙashin gwado, ban kuma tambaya ba. Ya naɗa rawaninsa a hankali, ya mai da amawali bisa hanci, ya ce, "Ɗan Anna, ka gai da Hwakku." Mutumin ya ɗauki fartanyarsa ya juya. Har ya fara tafiya sai Arzika ya ƙara da ƙaramar murya, kamar mai gyaran maƙogwaro, "Allah shi kiyaye tashiya." Ban sake ganin mutumin nan ba, ko sunansa na gaskiya ban sani ba.

Saura komawa, daga ni sai dogari. Na jawo jirgi na haura da shi gaɓa, na tsaya da gwangwala a hannu. Ya daɗe a bakin ruwa yana kallon ƙafafunsa. Ban nuna masa wuri ba. Ya shiga ya wuce tsakiya da kansa, ya zauna a ƙasa, ya ja wutsiyar rawani ya rufe fuska, haka na kai shi.

Ya ci gaba da zama a gindin giyayya har ruwa ya janye aka fara ƙetarewa da ƙafa. Sai dai daga ranar, da zarar na fara jera mutane, sai ya juya buzunsa ya ba jirgi baya. A hankali sallama ta dawo mashigi, baƙi suka koma faɗin sunan garinsu da bakin da aka haife su da shi, a bayan wuyansa, wasu da muryar da ya fi kowa sani. Bai sake waiwayowa ba. Ga alama ruwan da ya shiga kunnena ranar nan ya shiga nasa.